Wayar fibir ta iso ƙofar gida: ina makomar tsohon akwatin intanet?

A Yamai da wasu manyan biranen ƙasarmu, kamfanonin sadarwa sun soma shigar da wayar fibir har cikin gidaje da kantuna da ma'aikatu. Amma biyan kuɗin hanya mai sauri daban, ganin saurin a hannu daban, muddin akwatin da ke raba intanet cikin gida na zamanin jiya ne. Ga abin da ya kamata maigida ya sani kafin ya yar da tsohon, ko ya kwance bakin aljihu wajen sayen sabo.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ɗan kasuwar da ke aika hotunan haja zuwa Kano ko Kotonu ko Dubai, da ma'aikacin gwamnatin da ake jiran rahotonsa a Yamai kafin a tashi aiki, duk sun san irin ɓacin ran da jan ƙafar intanet ke haddasawa. Don haka ranar da ma'aikatan kamfani suka kafa tsani suka jawo siririyar waya daga turke zuwa cikin gida, sai maigida ya ɗauka wahala ta ƙare. Wani lokaci hakan ne. Wani lokaci kuwa, bayan kwana biyu sai a ji shi yana ƙorafi wai ya biya kuɗin doki an ba shi jaki. Kafin a ɗora wa kamfani laifi, yana da kyau a dubi wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu da ke ajiye bisa tebur ko bayan telebijin, wanda masu sana'ar ke kira rutar, jama'a kuma suna ce masa akwatin wifi. A nan ne sau da yawa kuɗin da aka biya ke maƙalewa.

Daga jan ƙarfe zuwa gilashi

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 ba su manta da yadda intanet ta fara shigowa ba. Ta wayar tarho ta jan ƙarfe take bi, kuma kafin a samu shiga sai na'ura ta yi ta kuka kamar gyare. In an shiga, tarhon gidan ya toshe ke nan har sai an fito. Iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa. A 1997 aka kafa SONITEL wadda ta riƙe wayoyin ƙasa, daga baya aka zo da tsarin ADSL, wanda ya bar tarho da intanet su bi waya guda ba tare da ɗaya ya hana ɗaya ba. A 2016 gwamnati ta haɗe SONITEL da SahelCom aka sami Niger Telecoms. A tsakanin nan salula ta mamaye ko'ina, har ya zamanto mafi yawan masu amfani da intanet a ƙasar ta hanyar 3G da 4G suka san ta.

Jan ƙarfe yana da iyakarsa. ADSL na farko ba ya wuce megabit 8 a daƙiƙa, wanda aka inganta ma 24 ne ƙarshensa a takarda, kuma gwargwadon nisan gida daga cibiyar tarho, gwargwadon raguwar gudun. Wajen aikawa kuwa bai cika wuce megabit 1 ba, shi ya sa tura takarda mai nauyi ke cin rabin hantsi.

Fibir wani abu ne daban. Zare ne na tataccen gilashi, kaurinsa kamar gashin kai, kuma haske ne ke gudu cikinsa a maimakon lantarki. A 1966 wani masani haifaffen ƙasar Sin, Charles Kao, ya nuna cewa in an tace gilashi sosai zai iya kai saƙo nesa, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 2009. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya cika wannan sharaɗi. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen kai fibir gidaje, mai suna GPON, yana ɗaukar kimanin megabit 2500 wajen saukowa da 1250 wajen aikawa bisa zare guda, ana raba shi ga gidaje 32 ko 64, kuma yana kai nisan kilomita 20.

Da yake Nijar ba ta da bakin teku, intanet ɗinmu daga manyan wayoyin ƙarƙashin teku take tasowa, irin su SAT-3 da ta fara aiki a 2002 da ACE ta 2012, sannan ta ratso ƙasashen maƙwabta. Shirin babbar wayar ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, an tsara shi ne don ƙara yawan waɗannan ƙofofi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace cikin teku daura da Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Irin wannan matsala babu akwatin da zai yi maganinta. Abin da ke hannun maigida shi ne ƴan mitocin ƙarshe, daga bangon da wayar ta shigo zuwa salular da ke tafin hannunsa, kuma su ne zancenmu na yau.

Aiki uku cikin akwati guda

Kafin saƙo ya fito daga zaren gilashi ya bayyana a fuskar salula, akwai aiki uku da za a yi masa. Na farko, a juya haske ya koma lantarki. Na'urar da ke wannan aiki ana kiranta ONT, kuma cikinta ne ake soka wayar fibir. Na biyu, a raba hanya guda ga na'urori masu yawa, a ba kowace lambarta, a kuma tare baƙon da ba a gayyata ba. Wannan shi ne ainihin aikin rutar. Na uku, a watsa saƙon cikin iska don salula da kwamfuta su kama. Wannan shi ne wifi.

Wani kamfani yakan kawo akwati guda mai yin dukan ukun. Wani kuma yakan manna ƙaramar ONT a bango, ya jona ta da rutar daban. Ko wanne aka yi, akwai abin da mai saye ya kamata ya riƙe: ONT ba kayan tsinta a kasuwa ba ce. Sai kamfani ya rubuta lambarta cikin na'urorinsa kafin ta yi aiki. Saboda haka akwatin da ɗan uwa ya aiko daga Faransa, irin su Livebox ko Freebox, an ɗaure shi ne da kamfaninsa na can, kuma a nan ba zai zama komai ba sai kayan ado. Inda maigida ke da zaɓi shi ne aiki na biyu da na uku.

Tsofaffin akwatuna iri uku ne

Wanda ya juya tsohon akwatinsa ya dubi kafofin da ke bayansa zai gane irinsa nan take. Iri na farko shi ne na ADSL, mai ƴar ƙaramar kafa da ake soka wayar tarho, galibi an rubuta DSL a gefenta. Wannan kafa ba ta da wata hulɗa da fibir. In akwatin ba shi da wata kafar mai suna WAN, to zamaninsa a matsayin mai tsaron ƙofa ya wuce.

Iri na biyu shi ne mai katin SIM, wanda ke kama 4G daga iska. Shi ma ba a soka masa fibir. Amma kada a yi gaggawar rabuwa da shi, domin kuwa ranar da motar tonon hanya ta tsinke waya a unguwa, shi ne zai fitar da mai kanti kunya. A ajiye shi da katinsa, a riƙa zuba masa ɗan kuɗi lokaci lokaci don kada a rufe lambar.

Iri na uku shi ne rutar tsantsa, mai kafar WAN wadda yawanci launinta ya bambanta da sauran. Wannan yana iya aiki bayan ONT. Tambayar da ta rage ita ce ko ƙarfinsa ya kai na sabuwar hanyar, kuma amsarta sai da ɗan lissafi.

Lissafin da mai talla ba ya yi

Kamfani da megabit yake ciniki, salula kuwa da megabait take auna nauyin hoto da bidiyo, abin da Faransawa ke kira megaokte. Megabait guda megabit 8 ne. Ke nan wanda ya biya megabit 100 a daƙiƙa, abin da zai gani yana sauka bai wuce megabait 12 da rabi ba, kuma babu wanda ya cuce shi. Bidiyo mai nauyin gigabait 1 zai ɗauki kamar daƙiƙa 80 a irin wannan hanya, alhali a ADSL mai megabit 8 sai ya ci kusan minti 17.

To, kafofin da ke bayan akwati iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar megabit 100, waɗanda ake rubuta wa 10/100, akwai kuma masu ɗaukar 1000, waɗanda ake rubuta wa Gigabit ko 10/100/1000. A ido kamarsu ɗaya. Wanda ya biya megabit 200 ya jona ta kafar 100, rabin kuɗinsa ke nan yake zubarwa kowane wata, tamkar wanda ya jawo babban bututun ruwa har ƙofar gida sannan ya ɗaura masa tsinken tiyo. Haka kuma lambar da ake bugawa da manyan haruffa bisa kwali, 300 ko 1200, ba ta nufin gudun da za a samu. Jimillar ƙarfin wifi ce a takarda, kuma akwai akwatuna masu arha da ke ɗauke da lambar 1200 alhali kafofinsu na 100 ne. Araha ba ta ado. A nemi kalmar Gigabit a jikin kwalin kafin a miƙa kuɗi.

Sai wayar rezo, wadda ke haɗa ONT da rutar ko rutar da kwamfuta. Tana da silli 8 a cikinta. Gudun 100 da silli 4 kawai yake aiki, gudun 1000 kuwa sai dukan takwas ɗin suna lafiya. In guda ya tsinke, ko mai ƙera wayar ya yi rowa ya sa huɗu, na'urorin za su koma 100 shiru ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A duba jikin wayar a ga an rubuta Cat 5e ko Cat 6, kuma tsawonta kada ya wuce mita 100.

Lissafin nan yana da fuska ta biyu. Wanda abin da ya biya bai wuce megabit 20 ko 50 ba, kafar 100 ta ishe shi, kuma sayen akwati mai tsada ba zai ƙara masa ko megabit guda bisa abin da kamfani ya buɗe masa ba. Mai kanti da salula biyu da kwamfuta guda ba ya bukatar abin da mai otal ke bukata.

Wifi da katangar gidanmu

 Gidanmu shimfiɗe yake, daga zaure zuwa tsakar gida zuwa ɗakuna a jere, bangonsa ko tubalin siminti mai ƙarfe a ciki, ko laka mai kauri irin ta unguwar Birni a Damagaram, ga rufin kwano, ga ƙofofi da tagogin ƙarfe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cinye ƙarfin wifi, ƙarfe kuwa mayar da shi baya yake yi kamar madubi.

Wifi yana tafiya ne bisa zango biyu. Zangon 2,4 gigahaz yana kai nesa, yana kuma ratsa bango, amma a hankali yake tafiya, kuma cunkoso ya yi masa yawa, domin hanyoyi uku kaɗai ke cikinsa da ba sa taka juna, ga shi duk akwatunan maƙwabta a kansa suke. Zangon 5 gigahaz yana da sauri da yalwar hanyoyi, sai dai bango biyu masu kauri sun isa su kashe shi. Tsofaffin akwatuna masu tsarin da aka fitar a 2009, wanda yanzu ake kira Wi-Fi 4, da yawansu zangon farko kaɗai suka sani, kuma a aikace ba su cika wuce ƴan gomomin megabit ba. Wi-Fi 5 ya shigo kasuwa wajen 2013, Wi-Fi 6 a 2019, Wi-Fi 7 kuma a 2024. Ga yawancin gidaje da kantuna, akwati mai Wi-Fi 5 ko 6, mai zango biyu da kafofin Gigabit, ya wadatar. Amfanin na 6 ya fi fitowa a inda na'urori suka yi yawa a lokaci guda, kamar gidan gandu ko biro mai ma'aikata da dama. A tuna kuma cewa tsohuwar salula ba za ta yi gudun da ba a ƙera ta da shi ba, ko da wane akwati aka kawo mata.

Mazaunin akwati ya fi sunansa muhimmanci. Ma'aikacin da ya zo jona waya yakan so wurin da ya fi kusa da turke don ya gama da wuri, watau zaure ko ɗakin bakin ƙofa. Maigida ne zai nuna masa inda jama'ar gidan suka fi zama, tun kafin a huda bango, saboda wayar gilashi ba a ƙara mata tsawo da ƙulli irin na wayar wuta. Sai da na'ura ta musamman ake haɗa ta. A ɗora akwatin sama, a fili, nesa da firigo da bayan telebijin da cikin kabad.

In gidan babba ne, akwati guda ba zai game shi ba komai tsadarsa. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ja wayar rezo zuwa ɗaya sashen a kafa akwati na biyu can. A nan ne tsohon rutar ke samun sabon aiki: a kashe masa rabon lambobi, abin da ake rubuta wa DHCP, a jona shi ta ɗaya daga kafofin LAN, ya zama mai watsa wifi kawai. Akwai kuma akwatuna masu haɗin gwiwa da ake sayarwa bibbiyu ko uku uku da sunan mesh. Ƙananan masu maimaita wifi da ake sokawa a priz ɗin bango sun fi arha, amma irin masu zango guda sukan raba gudun biyu, tun da baki ɗaya suke saurare da magana.

Sarki biyu a gari guda

Wanda kamfani ya ba akwati mai aiki uku, sannan ya jona nasa rutar a bayansa ba tare da ya gyara komai ba, ya naɗa masu tsaron ƙofa biyu ke nan, kowanne yana rabon lambobinsa. Duba WhatsApp da kallon bidiyo za su yi tafiya lafiya. Amma ɗan kasuwar da ke son leƙa kamarar sitonsa na Maraɗi daga masaukinsa a Lome, ko ma'aikacin da ke shiga kwamfutar ma'aikatarsa daga gida, yana iya tarar da hanya a toshe, haka ma na'urar buga takarda tana iya ɓacewa daga idon kwamfutar da ke ɗaya akwatin. Maganinsa ɗayan biyu ne: ko a sa akwatin kamfani ya zama gada kawai, abin da ake kira mode pont, ko a mayar da na maigida mai watsa wifi kawai.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a sa hannu a takardar yarjejeniya, a tambayi kamfani waɗannan abubuwa. Akwatin da za a kawo, sayarwa ne ko aro ko haya, kuma wa zai biya in ya ƙone? Kafofinsa na 100 ne ko na 1000, kuma yana da zango biyu? An yarda mai gida ya jona nasa rutar, kuma za a ba shi suna da lambar sirrin shiga, waɗanda ake kira PPPoE, in tsarin yana bukatarsu? Nawa ne gudun aikawa, ban da na saukowa? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mai tura hotunan kaya da mai taron bidiyo. In akwai tarhon gida, a tambaya ko lambar za ta biyo cikin sabon akwatin.

Wuta, zafi da ƙura

Tarhon jan ƙarfe na da daga cibiya yake samun wutarsa, shi ya sa yake aiki ko da unguwa tana cikin duhu. Gilashi ba ya ɗaukar wuta. Da zarar an ɗauke wuta, ONT da rutar sun mutu, tarhon da ke jone da su ma ya bi su. Wanda ya ga yadda birane suka kasance a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasarmu, ko wanda ya san ɗauke wutar watannin bazara, ba ya bukatar dogon bayani. Abin farin ciki shi ne akwatunan ba su da ci: yawancinsu da bolt 12 suke aiki, kuma kowanne tsakanin wat 5 da 15 yake sha. Ƙaramin batir mai bolt 12 da ampa 7 yana iya riƙe akwati mai shan wat 10 har awa 8 a lissafi, a aikace kuma ƙasa da haka kaɗan. Akwai ƙananan ondilar da aka ƙera musamman don wannan aiki, kuma mai farantin hasken rana ya riga ya huta. Wanda zai ware kuɗin sabon akwati, ya ware na batir tare.

Wayar gilashi ba ta jawo tsawa cikin gida kamar yadda jan ƙarfe ke yi da damina, amma wayar wuta tana jawowa, haka ma hawa da saukar wuta suna ƙona caja. A duba jikin cajar a ga an rubuta 100 zuwa 240 bolt, musamman kayan da suka fito daga Amurka inda ake aiki da 120, alhali tamu 220 ce. Kada kuma a musanya cajar wani akwati da ta wani don bakinsu ya zo ɗaya.

Yawancin akwatunan gida an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yakan haura haka a Tawa da Yamai. Akwatin da aka ajiye dab da rufin kwano, ko aka lulluɓe da ƙyalle don tsoron ƙura, zai riƙa rage gudu ko ya kashe kansa da tsakar rana. A bar masa iska, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ƙananan ramukansa. Ita kuwa wayar fibir, kada a lanƙwasa ta, kada a danne ta da ƙofa, kada a riƙa cire kanta, domin ƙwayar ƙura guda a bakinta tana rage haske. Kada kuma kowa ya leƙa cikinta: hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani. In fitilar da aka rubuta wa LOS ta yi ja, haske ne ba ya isowa. Aikin kamfani ne, sayen sabon rutar ba zai gyara ba.

Makullin gida

Akwai wani dalilin sauya akwati da ba ya da alaƙa da gudu. Rutar ƙaramar kwamfuta ce, kuma in ya tsufa mai ƙera shi yakan daina aiko masa gyara, ɓarakar da aka gano a jikinsa ta zauna a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da akwatunan intanet a duniya, ba da wata dabara ba illa gwada lambobin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, waɗanda masu su ba su taɓa sauyawa ba. Wanda ke biyan kuɗin kaya ta salula ko yake ɗauke da takardun ma'aikata a kwamfutarsa, bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Makullai biyu ne a jikin akwati: lambar sirrin wifi, da lambar shiga cikin saitinsa, wadda sau da yawa kalmar admin ce kawai. Duka biyu a sauya su ranar farko. Tsarin kulle wifi kuwa, WEP ya daɗe da karyewa; a zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Akwatin da bai san WPA2 ba, ya cancanci ritaya ko da yana aiki. A kashe tsarin WPS, wanda aka gano rauninsa tun 2011. Mu mutane ne masu karɓar baƙi, kuma hana maƙwabci lambar wifi abu ne mai nauyi a baki. Sababbin akwatuna suna da wifi na baƙi, mai suna da lamba daban, wanda ke ba mutum intanet ba tare da ya ga kwamfutar kanti ko kamarar gida ba. Da shi an sauke haƙƙin maƙwabtaka, an kuma tsare dukiya.

Ranar sauyi

Kada a yanke tsohuwar hanya sai sabuwa ta kwana biyu tana aiki. In an ba sabon akwati suna da lambar sirri irin na tsohon, harafi da harafi, duk na'urorin gidan za su kama shi da kansu. Amma in tsohuwar lambar ta riga ta zaga unguwa, wannan ce ranar sauya ta. Wasu kamarori da na'urorin buga takarda zangon 2,4 kaɗai suke ji, don haka kada a kashe shi.

Tun ma'aikacin kamfani bai tafi ba, a auna gudun a gabansa da ɗaya daga shafukan awo, irin su Speedtest, ta kwamfutar da aka jona da wayar rezo kai tsaye. Wannan awo shi ne ke nuna abin da kamfani ya kawo. Daga nan a auna da wifi kusa da akwatin, a sake aunawa a ɗakin da ya fi nisa. In awon waya ya cika, na wifi ya gaza, gyaran na cikin gida ne. In awon waya ne ya gaza, safe da yamma, kwana da kwanaki, a rubuta ranaku da lambobin a kai wa kamfani. In ba a sami biyan bukata ba, akwai hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a 2018, mai sa ido kan harkar sadarwa. Tsohon akwatin kuma, in na kamfani ne a mayar a karɓi takardar shaida. In za a sayar ko a kyautar, a danna ɗan maɓallin da ke bayansa har ya goge duk abin da ke cikinsa.

A taƙaice, jama'a masu karatu, kuɗin fibir kowane wata ake biyansu, kuɗin akwati da waya da batir kuwa sau ɗaya ne cikin shekaru. Wanda ya yi tsimin na biyun yana iya asarar rabin na farkon wata bayan wata bai sani ba. Wanda kuma ya ruga kasuwa kafin ya gwada abin da kamfani ya kawo, yana iya sayen abin da ba ya bukata. A fara da tambaya, a bi da awo, sannan a yi ciniki. Allah ya sa mu dace.